Fassarar Waƙar Jaki

Jiya 'yata ta kunna tsohon fim ɗin nan na dabbobi masu waƙa, sai mahaifiyata ta faɗo mini a rai. Ba ta jin Turanci, amma ita ke mana fassara. Tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, jaki na rera waƙa, sai ta ce, "Kun ji shi? Wai tun daga garin Darki aka labta masa kaya, ko ƙaiƙayi ba a ba shi ba."

'Yata ta ce, "Abba, yi mini muryar Kaka."

Na buɗe baki, na kasa. Kalmomin suna nan, sautin ne ya fara ɓace mini.

Allah ya jiƙanta, ya bar mini ɗan abin da ya rage.