Munzali da Tagwayen Biyu

Munzali ɗan Haɗeja ne, mai gadin ƙofar wani otal a Lusail, kusa da Doha. Mutum ne da za ka yi masa sallama ya amsa bayan ka wuce, don jikinsa ne kawai ke Doha, hankalinsa na can bakin kogi yana kallon masunta. Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya a unguwar Bin Omran: ni, shi, Alhaji Sabo direba, da Bawah mutumin Zangon Kumasi. Taga ɗaya ce a ɗakin, gadon da ke ƙarƙashinta kuma na Alhaji Sabo ne. Nan ne kaɗai waya ke kama sabis sosai, nan ne ake ganin sama. Munzali ya daɗe yana kallon gadon nan kamar yadda kaza ke kallon tsaba a kwalba.

Da korona ta kulle mu, zaman ya yi tsawo, sai Bawah ya fito da karta ya ce zai koya mana foka, wadda ya koya wajen abokan aikinsa. Alhaji Sabo ya ce ba za a yi caca a ɗakinsa ba, saboda haka aka koma ƙwallon dabino, kowa da gwangwaninsa. Ana ba ka karta biyu a hannu, a buɗe uku a tsakiya, daga baya a ƙara biyu.

Matsalar Munzali ita ce da Wot ya girma. A Wot, lamba biyu sarauniya ce: ka doka ta, na kusa da kai ya ɗauki biyu yana ƙunƙuni. To a foka ba ta da ƙanwa, ita ce mafi ƙanƙanta. Amma duk ranar da tagwayen biyu suka faɗo masa, sai ka ga ya gyara zama, ya lumshe ido.

"Malam Munzali," in ji Bawah, "waɗannan jarirai ne. Ka shiga da su in shigar da araha, kuma in gwangwanin abokin wasanka cike yake. In an buɗe ukun nan ba ka ga ɗan'uwansu ba, wato biyu ta uku, kalas, shi ke nan, ka ajiye. Sau ɗaya cikin takwas yake zuwa."

"To in wannan ce ta takwas ɗin fa?"

"Jiya ma haka ka ce."

"Jiya ai hanya ce ta tsare shi."

Haka ya riƙa bin jariran nan har ƙarshen wasa, gwangwaninsa na ƙara kamar cikin mai azumi. Mu kuwa ba mu hana shi ba, don mun ga amfanin abin.

Aka buɗe gari, kowa ya koma aiki, amma wasan ya zauna, duk Juma'a bayan an sauko masallaci. Ana saura 'yan watanni a fara gasar kofin duniya, Alhaji Sabo ya ce zai koma gida. Ya ce gadon kyauta ce daga gare shi, ga wanda gwangwaninsa ya fi cika ranar tafiyarsa.

Daga nan Munzali ya canza. Ya fara ajiye karta, yana ajiyewa yana nishi kamar mai raka baƙo tasha. Sau biyu ɗan'uwan ya zo masa tun a ukun farko, ya yi shiru ya kwashe ni tas. Har yau ban gama yafewa ba.

Juma'ar ƙarshe, ana gab da fara gasar, ni da Alhaji mun fita daga wasan tun da wuri. Gwangwanin Munzali ya ɗara na Bawah da kamar kaurin yatsa. Aka raba hannun ƙarshe, muka ga ya gyara zama ya lumshe ido, kowa ya san abin da ya faɗo masa. Ya shiga da araha. Aka buɗe sarki, tara da bakwai. Bawah ya juye gwangwaninsa gaba ɗaya a tabarma.

"Yalla, ɗan Haɗeja. Saura karta biyu. Wa ya sani ko yana hanya?"

Munzali ya yi nisa. Daga baya ya ce min a lokacin ya ga biyu ta ukun da idonsa, tana tahowa a kwalekwale, sanye da farar riga, tana ɗaga masa hannu. Muka jira har shayin Alhaji ya huce. Sai ya kife kartar a hankali, ya shafa bayanta.

"Ku je, Allah ya haɗa mu da alheri."

Aka jera gwangwanaye, nasa ya fi da ɗan kaɗan. Bawah ya cusa kartarsa cikin sauran, bai nuna wa kowa ba.

Washegari da hantsi na tarar da shi kwance a sabon gadonsa, jiragen 'yan kallo na sauka ɗaya bayan ɗaya. Ya kira matarsa Haulatu ta bidiyo, ya juya wayar ga taga.

"Kin gani? Duk ta kaina suke wucewa."

"Na gani," ta ce. "Yanzu juyo min da fuskarka, tunda yau ba ta daskarewa."