Maulana Abdul Motaleb Akanda da Wa'azin da Ya Ƙi Goguwa

Haihuwa da asali

An haifi Maulana Abdul Motaleb Akanda ranar 9 ga Agusta, 1968, a ƙauyen Kajoldanga da ke gundumar Netrokona, a tsakiyar damina, lokacin da ruwa ya shafe gonaki, ba a zuwa ko'ina sai a kwalekwale. Mahaifinsa shi ne Yakub Ali Akanda, manomin shinkafa rabin shekara, masunci sauran rabin. Mahaifiyarsa Momena Khatun ta rasu yana ɗan shekara huɗu, aka mayar da shi gidan kawunsa, inda ya tashi tare da ɗan kawun, Jobed Ali, wanda ya girme shi da shekara uku. Dattawan ƙauyen sun tabbatar da cewa Jobed ne ya koya masa iyo da kuma jan murya irin na matuƙa jirgi. A jerin malamansa da aka buga a bangon littattafansa ba a sa wannan malami ba.

Karatu

A 1979 aka kai shi wata madarasa a Mymensingh. Ya haddace Alƙur'ani a 1983, ya kammala babban darasin hadisi a 1991 da sakamakon da ya riƙa siffantawa da “mai albarka” ba tare da ya taɓa faɗin maki ba. A waɗannan shekaru Jobed ya bi wani shehi na mawaƙan Baul, masu yawo da waƙoƙin sufanci, ya ɗauki dotara, wani abin kiɗa mai kama da garaya, ya kuma yi wa shehin alkawarin cewa aska ba za ta taɓa kansa ba muddin ransa.

Aiki da aure

A 1992 aka naɗa Maulana limamin masallacin wata kasuwa, a 1994 kuma ya auri Hosne Ara Begum, 'yar wani dillalin busasshen kifi. Duk hunturu, idan an gama girbi ƙauyuka suka kafa rumfunan wa'azi, akan gayyace shi a matsayin mai buɗe taro, wato wanda ake miƙa wa lasifika kafin isowar babban baƙo, jama'a na neman wurin zama suna cinikin gyaɗa. Ya riƙe wannan muƙami shekara ashirin da biyu.

Shahara

A Disamba 2016 ƙanin matarsa Shohel, mai shagon gyaran waya, ya ɗauki wani wa'azinsa a kan haƙƙin uwa, wanda ya fashe da kuka a tsakiyarsa, ya ɗora a intanet. Cikin wata guda aka kalla sau miliyan biyu. Daga nan suka buɗe tasha, Maulana yana wa'azi, Shohel yana yankawa yana sa take. A 2017 ya yi jayayya da wani malamin Sylhet a kan tsawon wando, wadda ta ci bidiyo goma sha huɗu ba a kai ga matsaya ba. A 2018 ya sauka wani taro a jirgi mai saukar ungulu, iskar jirgin ta kwashe rumfar da zai yi wa'azin zuhudu a ƙarƙashinta.

Wa'azin Janairu 2019

Ranar 18 ga Janairu, 2019, ya yi wa'azi a wata kasuwa kusa da Kajoldanga, aka yi rashin dace Jobed yana da zaman waƙa a hayin kogi, kuma kusan rabin jama'a suka haye can. Maulana ya ajiye maudu'in da ya zo da shi, ya yi minti goma sha ɗaya a kan ɗan kawunsa, ya ambaci sunansa da na mahaifinsa, ya ce ya fita daga addini, gashin kansa kuma sheƙar shaiɗan ce. Sau tara ya tambaya, “Haka ne ko ba haka ba?” Sau tara rumfar ta amsa. Washegari Shohel ya ɗora.

Bayan kwana uku, ranar kasuwa da hantsi, wasu samari suka danne Jobed a rumfar mai shayi, suka yanke gashin shekara talatin da uku da almakashin tela, suka karya dotarar. Maulana ya fitar da sanarwa cewa shi bai ba kowa almakashi ba, kuma haka ne, bai bayar ba. Jobed ya ɗauka alkawarinsa ya warware, bai sake waƙa ba. Ya koma sayar da ganyen taunawa a mashigar jirgin fito, inda kusan kullum ake samun fasinjan da zai gane shi ya kunna masa wa'azin. Sau biyu masu neman auren 'yarsa suna janyewa.

Rashin lafiya da neman yafiya

A Maris 2022 likitoci a Dhaka suka tabbatar Maulana yana da ciwon daji a maƙogwaro, kuma aikin da za a yi masa zai tafi da muryarsa. Shekara talatin ya yi yana karantar da cewa Allah yana yafe haƙƙinsa, amma haƙƙin bawa sai mai shi ya yafe, kuma alamu sun nuna ya yi imani da hakan. A Afrilu ya tafi mashigar jirgi da mota biyu da kyamara uku, ana haskawa kai tsaye.

“Jobed Bhai,” wato Yaya Jobed, in ji shi, “na zo neman afuwarka a gaban al'umma.”

Jobed bai ajiye ganyen da yake naɗewa ba. “Motaleb, wace kyamara zan kalla in yafe, ta tsakiyar? Kai Shohel, zagayo ka ɗauki ƙeyata, ai aikinku ne, ku ga yadda ya yi kyau.”

Shohel ya ɗora wannan ma, da taken “Hujur ya zubar da hawaye, mawaƙi ya yi girman kai”. Hujur laƙabin girmamawa ne da ake kiran malamai da shi. An kalla sau miliyan huɗu, masu zuwa mashigar don zagi suka ƙaru.

A Yuni Maulana ya koma shi kaɗai a kwalekwalen haya. Jobed ya kai shi gida, ya sa masa shinkafa da dakakken busasshen kifi.

“Ci. Ka koma kamar gorar tuƙi, sai gemu.”

“Bhai, faɗi abin da kake so. In dotara ce, zan sa a sassaƙa maka wadda ba a taɓa gani ba.”

“In kaɗa wa wa? Ni dai ka yi shiru. Jiya kana kwance a Dhaka ana ɗura maka ruwa, kana nan cikin jirgi kana kafirta ni ta wayar da ke aljihun wani mai rake. Ranar da na yi mako guda ban ji ka ba, na yafe.”

“Yau ɗin nan zan goge wa'azin.”

“To goge mana, Hujur.”

A ranar ya goge, Shohel yana tsaye yana ce wa mijin yayarsa, “Dulabhai, kallo miliyan tara ne fa!” Sai dai a lokacin wa'azin yana kan tashoshi fiye da ɗari biyu da ba nasa ba, yana cikin katunan da masu shagon waya ke loda wa ƙauyawa, wasu ma sun mayar da wani yanki nasa ƙarar kira.

Shekarun ƙarshe

An yi masa aiki a Yuli 2022, bai ƙara furta kalma ba. Watanni goma sha tara da suka rage masa ya ƙarar da su yana rubuta wa masu tashoshi ɗaya bayan ɗaya, yana roƙonsu don Allah su sauke. Wasu sun sauke. Wasu suka ce ba za su ɓoye ilmi ba, suka kafa masa hujja da wani wa'azinsa na 2017 a kan haramcin ɓoye shi. Da labari ya bazu, sai aka sake ɗorawa da taken “Wa'azin da ake son ɓoyewa”, kallo ya ninka. Ya rubuta takardar janye fatawar kafirta Jobed, babban ɗansa Mahfuz ya karanta a gaban kyamara cikin natsuwa. Mutum dubu arba'in suka kalla.

Rasuwa da jana'iza

Ya rasu ranar 11 ga Fabrairu, 2024, a wani asibiti a Mymensingh, yana da shekara hamsin da biyar. An kai shi Kajoldanga washegari, aka yi sahu a filin makaranta bayan la'asar. Liman ya tambaya sau uku, kamar yadda aka saba, wane irin mutum ne marigayin, jama'a suka amsa sau uku cewa mutumin kirki ne. Kafin kabbara Mahfuz ya ratsa sahu har inda Jobed yake tsaye.

“Chacha,” wato Baffa, in ji shi, “Abba yana jiran yafiyarka.”

“Abin da ya faɗa da bakinsa ran nan, na yafe tun ranar da ya ci shinkafata,” in ji Jobed. “Na cikin waya kuwa, ai shi bai mutu ba. In ya mutu ku aiko min.”

Ya yi sallar tare da jama'a, ya kama makara, ya zuba ƙasa sau uku, ya koma mashiga kafin jirgin magariba. Malamai sun yi saɓani kan ko wannan yafiya ce cikakkiya, Shohel kuma ya shirya muhawara kashi uku a kan mas'alar.

An binne Maulana kusa da mahaifiyarsa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar: Mahfuz, malamin madarasa a Mymensingh; Sumaiya, tana aure a Kishoreganj; Tanvir, ma'aikaci a Malesiya; Nusaiba, ɗalibar aikin jinya; da Jubayer, wanda ya gaji tashar. Jobed Ali yana nan da ransa a mashigar jirgi. Zuwa lokacin wannan rubutu, mafi tsawon lokacin da ya yi bai ji muryar ba kwana huɗu ne.