Gishirin Dahya Hannu Bibbiyu

A ƙauyen Vanjoli na bakin teku, idan uwa ta gaji da kukan ɗa, cewa take, "Yi shiru, ga Dahya nan." Mai amalanken shanu ne, kuma gwanin kokawa. Wuyansa kamar turmi, zuciyarsa kuwa a bakin hanci take. Ya taɓa marin bajimin sa don ya harare shi, kuma an ce san ne ya fara ba da haƙuri.

A shekarar 1930 Gandhi, wanda kowa ke kira Bapu, ya taka da ƙafa har garin Dandi na bakin teku ya ɗebi gishirin da Turawa suka hana mutane ɗiba sai an biya haraji. Kowane ƙauye ya tashi zai yi nasa. Ƙa'idar guda ce: ka dunƙule gishiri a hannu, ba ka buɗewa, ba ka gudu, ba ka ramawa. Mutum ɗaya ya kai naushi, 'yan sanda sun sami hujjar harbi, kuma kunyar ta kowa ce.

Tsohuwa Rewaben, wadda ke zaɓen masu fita, ta dubi Dahya sama da ƙasa.

"Dahya, je ka kula da shanunka. Mu waɗanda za a daka muke nema, ba masu daka ba."

"Goggo, na shiryu fa."

"Yaushe? Shekaranjiya ka jefa mai wanki a rafi."

"Ai ya iya iyo."

A gida ma bai sami sauƙi ba. Jamna matarsa, wadda ba ta taɓa kiran sunansa ba, ta tura masa keken kaɗi. "Baban Lakhu, Bapu ya ce mai neman haƙuri ya fara da zare." Yatsun da suka saba da wuyan ƙarti suka kama auduga. Zare ya tsinke, ya ƙulla, ya sake tsinkewa. Jamna tana gasa gurasar gero tana jiran ta ji ƙarar keken a jikin bango. Shiru. Da ya kai wa Rewaben abin da ya kaɗa, ta juya shi ta ce, "Wannan ai igiyar ɗaure jaki ce. Amma keken yana nan da ransa, to zo."

Ranar fita, rana na tsakar ka, aka jeru a fadamar gishiri, kowa da farin zane. Kowa ya sunkuya ya ɗebi hannu guda. Dahya ya cika dama, ya cika hagu.

"Ku ga haɗama," in ji wani. "Ko a neman 'yanci sai ya ci rabon mutum biyu."

Idon Dahya na can gaba. Cikin 'yan sandan da suka tare hanya ya riga ya hango Fakira, wanda ya taɓa kayarwa a kokawa a gaban surukan Fakiran ranar bikin haikali. Shi ma Fakira shi yake nema.

"Gwani, yau kai ne da farin zane kamar gwauruwa? Buɗe hannun."

"Gishirin tekunmu ne, Fakira. Kai ma da shi uwarka ta yi maka miya."

Gora ta sauka a kan yatsun dama. Fata ta fashe, gishiri ya shiga, Dahya ya ga taurari da rana tsaka. Fakira ya sake, ya sake. Da ya ga hannun ya ƙi, sai ya kama gashin bakin Dahya ya ja, abin da ba a yi wa namiji a Vanjoli a kwana lafiya. Rewaben ta rufe ido, don ta ga bindigogin da ke baya sun ɗago.

Hannun hagun ya tashi har kafaɗa. Dahya ya dube shi kamar na wani. Kafin ya kai duka dole sai ya zubar da abin da ke ciki, ko ya kai shi da gishirin Bapu a ciki, kuma ko ɗaya bai iya ba. Ya saukar da shi, ya rungume hannuwan biyu a ƙirji, ya zauna a laka.

"Ci gaba, ɗan'uwa. In ka gaji ka huta, ina nan."

Fakira ya yi ta duka har gorar ta tsage. Mutum huɗu suka taru a kan hannun dama kafin su ɓamɓare shi. Na hagun ya gagare su, da shi a dunƙule aka jefa shi motar kurkuku. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba.

Ya dawo bayan damina, yatsu biyu sun karkace, kokawa ta ƙare. Ya ci gaba da koran shanunsa har tsufa, kuma bakinsa bai taɓa shiryuwa ba. Ya ga ranar da Turawa suka tafi, ya ce da ya san haka abin yake da sauƙi da tuni ya daina dukan mutane.

Idan matasa suka ce masa ya zama waliyyi ran nan, dariya yake. "Ina fa. Bapu hannu ɗaya ya ishe shi, don shi zuciyarsa a ɗaure take. Ni na san halina, sai na ba kowane hannu aiki."

Jamna kuwa takan ɗago daga bakin murhu ta ce, "Da tun ranar aurenmu aka ba ni wannan dabara, da ban rasa tukwane da yawa ba."