Baba Mai Sigina da Hular da Ba Tasa Ba

Ranar wata Laraba, ana yayyafi, motar rusau ta shigo tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Baba Mai Sigina yana bene, a ɗakin sigina, yana shafa wa ƙarafan juya layi giris kamar kullum. Jirgi ya daina tsayawa a nan tun ina goye, amma Baba bai fasa share matakala da goge gilasai ba.

A makon ne 'yan fim suka zo ɗaukar labarin zamanin jirgin kwal. Mu mazauna bakin tasha mun sha kallo. Suka jawo kan jirgi mai amfani da dizal, suka ƙona taya a bayansa, wai hayaƙin kwal. Suka miƙa wa Baba hular 'yan sanda, wai ta ma'aikacin jirgi ce, ya sa ya fito a fim.

'Yarsa ta riƙe baki. "Baba, kai da ko tuta aka riƙe a karkace sai ka yi faɗa, wannan za ka sa?"

Ya ce, "Uwata, ko kwano suka kifa mini zan sa. Ni dai a ɗauka a ɗakin nan."

Darakta ya ce matakalar ta yi ƙunci, gara a haɗa ɗakin katako a ƙasa. Baba ya cire hular ya ajiye. Dole suka hau da kyamararsu. Shi kuwa direban rusau, Baba ya leƙo ya ce masa, "Ɗana, fara daga can ƙarshe, nan ana aiki."

Kafin rusau ya kai ga ɗakin sigina, fim ya fito cike da kwaɓa, Baba ya kalle shi yana runtse ido. Amma jama'a sun ga ɗakin. 'Yan makaranta suka fara zuwa, masu ɗaukar hoto suka cika matakala, har hukuma ta kafa allo cewa ba za a taɓa shi ba.

Baba, kai ne ka haɗiye abin da ka sani, ka yarda a yi maka dariya don gini ya tsaya. Namijin duniya, mun gode. Duk mai tsohon gini a unguwarsa, ya tashi tun motar ba ta iso ba.

An rasa rumfar jiran jirgi, an rasa ɗakin tikiti, da tankin ruwa, da babban agogo. Ɗakin sigina yana nan tsaye, Baba yana ciki.