Rishon Maƙwabciyata Ranar Asabar

Ni ce na fara lura, kuma ni ce na kasa riƙe bakina. A shekarun da muke haya a unguwar Anbariyya ta Madina, bango ɗaya ya raba kicin ɗina da na wata Bahabashiya. Mijinta Bakano ne mai ɗinki, ya auro ta a Sudan kan hanyarsa ta zuwa Madina. Iyayenta Yahudawan Habasha ne, ita ta musulunta kafin auren. Tana salla, tana azumi, Hausarta ma ta fi ta 'ya'yanmu da ke amsa mana da Larabci.

Kullum da safe ƙanshin gahawarta ke shigo mini ta taga. Ranar Asabar kuwa shiru. Ba ƙarar risho, ba ƙanshi, sai gurasa da dabino take ba yaranta. Na kuma san Yahudawa ba sa kunna wuta ranar Asabar. Na ƙirga Asabar huɗu, ta biyar na kai zancen wurin karatunmu na mata.

Ban san nauyin abin da na ɗauko ba. A Madina, in aka ce mutum ba Musulmi ba ne, ba tsegumi kawai aka yi ba, zamansa a garin aka taɓa. Kafin mako ya zagayo, mata biyu sun daina aika mata tuwo, wata ta janye 'yarta daga gidan.

Goggona, yayar mahaifina, ita ke jagorantar karatun. Gida-gida muke zagayawa, mai masauki ta dafa shayi. Goggo ta dube ni ta ce, "Ke ya binti, tun da hancinki ya fi na kowa aiki, tashi ki raka ni."

Muka sami maƙwabciyar tawa tana tsefe wa 'yarta kai. Goggo ba ta yi kwana-kwana ba, ta tambaye ta dalilin rashin kunna wutar. Matar ta ajiye matajin.

"Wallahi Goggo, shahadata ba wasa a ciki," ta ce. "Amma uwata tana nan da rai a ƙauyenmu. Ba wasiƙa, ba saƙo. Abu ɗaya na sani, ranar Asabar tana zaune ba wuta. In na ɗauki ashana sai hannuna ya ƙi. Shi kaɗai ya rage muna yi tare."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Goggo ta ce, "Halas, magana ta ƙare. Daga yau karatun Asabar a gidanki za a yi."

Na zaci gwada ta za ta yi, a ga ko za ta kunna rishon. Ashe ni aka yanke wa hukunci. Goggo ta ce shayin ranar a kaina yake, in dafa a gidana in kawo a filas. Matan da suka ja baya suka zo don kada Goggo ta ga ba su. Da suka ji yadda matar take jan Tabaraka ba gargada, aka koma aika tuwo. Shekara shida ina ɗaukar filas biyu zuwa ƙofar da ba ta kai taku goma ba, ina mita, tana yi mini dariya wai shayina ya cika sukari.

Wata Asabar bayan aikin Hajji, muna isa ƙofa sai ƙanshin gahawa ya tare mu, ana soya ta a kan wuta. Wata daga cikinmu ta ce, "Masha Allah, yau dai ta saki!" Ni ma har na fara murna na huta da dako.

Goggo ba ta yi murmushi ba. Ta cire takalmi ta shiga, ta zauna a ƙasa kusa da rishon, ta kama hannun matar.

"Yaushe labarin ya zo?"

"Shekaranjiya. Wani alhaji ɗan yankinmu ya faɗa wa maigida."

Sai a lokacin na gane. Wata ta raɗa wa Goggo ko ya halatta a yi zaman gaisuwa, tunda marigayiyar ba Musulma ba ce. Goggo ta ce, "'Yarmu ce ta rasa uwa. Zauna."

Ranar ba mu buɗe littafi ba. Ta zuba mana gahawa ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa na zauna rungume da filas ɗina, ban san lokacin da na fara kuka ba.