Hannun da Ba a Jona Ba

Tela ake ce masa a ofis, alhali ko maɓalli ya cire daga rigarsa sai ya jira matarsa. Aikinsa ne ya jawo masa sunan. Kamfanin ƙanensa Auta yana ƙera wasannin gem, shi kuma nasa shi ne rage wa wasa nauyi har ya shiga na'urar da ba don ita aka yanka shi ba, kamar yadda ake rage wa ƙane rigar wa.

Na'urori biyu ne ke gasa a kasuwa, ma'aikatan suna kiransu Fara da Baƙa saboda launin akwatinsu. Fara sabuwa ce, ga ƙarfi. Ka ɗora mata daji guda da inuwar kowane ganye, ko tari ba za ta yi ba. Baƙa kuwa ta kwana biyu, ƙwaƙwalwarta ƙarama, in aiki ya yi mata yawa fankarta ta dinga kuka kamar injin markaɗe. Amma ita ce a ɗakunan mutane, a gidan direba, a shagon mai aski, har a falon Tela kansa. Yana son Baƙa, so na gaske. Tun yana saurayi yake kwance irinta a wata rumfa mai tebur ɗaya, yana goge musu ƙura da tsohon buroshin haƙori, har ya koya wa kansa rubuta abin da ke gudana a cikinsu.

Shi ya koya wa Auta gem, in dai za a kira abin da ya yi koyarwa. Suna yara, Auta kan kafa kuka sai an ba shi ya buga. Tela sai ya miƙa masa hannun gem na biyu, ya tura bakin wayar ƙarƙashin kujera, ba a jone ba. Yana buga nasa, yana satar kallon yatsun yaron, duk inda ya danna sai ya kai ɗan mutumin cikin wasan can. Auta ya yi tsalle yana ihu, "Yaya, na ci!" Wannan ya zama abin tsokana a gidansu har suka yi gemu.

Babban wasan kamfanin na wani mai kwale-kwale ne da ke bin kogi. A kan Fara yana tafiya sumul. A kan Baƙa kuwa, da an iso kasuwar bakin ruwa sai hoto ya dinga cijewa, mai kwale-kwalen yana tafiya kamar wanda ya taka ƙaya. Auta ya ce, "Yaya, wannan sai kai." Tela ya ɗauki alkawari cewa wasan nan zai fito a kan Baƙa, kuma ba zai ji kunya a gefen Fara ba.

Ya shiga ɗan ɗakinsa na ƙarshen baranda, mai taga ɗaya da ke kallon bangon maƙwabta, ya kama yanka. Itatuwan nesa ya mai da su hoto shimfiɗaɗɗe. Abin da ke bayan mai wasa ya hana na'ura zana shi, tunda ba wanda ke kallo. Ya matse kogin a wani lungu tsakanin duwatsu, don kafin kwale-kwale ya fita Baƙa ta samu ta ɗauko kasuwar a nutse. Mai zanen kamfanin ya zo yana kumfar baki, wai an kwashe masa garken tsuntsayen da ya sha wahala a kansu. Tela ya ce, "Tsuntsayenka sun fi kasuwar ci, malam. In ka ga dama ka kai su gidanka ka ciyar."

Auta yana leƙowa lokaci-lokaci, ya dafa kafaɗarsa. "Sannu da ƙoƙari, Yaya. Yaya mutuniyar taka?" Sannan ya ce a tura wa sauran ma'aikata duk gyaran da aka yi. Tela ya tura, yana jin daɗi. Damina ta zo ta wuce yana ciki, har 'yarsa ta daina tambayar yaushe zai dawo da wuri.

Ranar da kasuwar ta tafi daidai daga farko har ƙarshe, da hantsi, ya fito da saurinsa neman Auta. Sai ya tarar da ma'aikata sun taru a ɗakin shan shayi suna kallon waya ɗaya. Ya matsa ya leƙa. Tallar wasansu ce, an raba allon biyu. A dama Fara, ruwa yana sheƙi. A hagu Baƙa tana cijewa, tana ɗingishi, abin dariya. Tela ya duba da kyau, sai ga garken tsuntsayen nan a sama, waɗanda ya cire tun tuni. Tsohon aikin da bai gyara ba aka ɗauko aka nuna wa duniya. A ƙasa an rubuta cewa wasan a kan Fara kaɗai zai fito.

Ya sami Auta a ofishinsa. "Tun yaushe?"

Auta ya sosa ƙeya. "Yaya, zauna mana."

"Tun yaushe, na ce."

"Tun kafin damina. Masu Fara suka ce su kaɗai ko a fasa. Ina da ma'aikata a wuyana, Yaya."

"Shi ne ka bar ni ina ta yanka?"

"Duk abin da ka rage wa Baƙa, Fara ce ke ƙara gudu. Da na gaya maka, na san ka, ba za ka yi wa Fara rabin wannan aikin ba." Sai ya yi 'yar dariya, yana neman sassauta abin. "Ka ɗauka na rama hannun nan da kake ba ni."

Wannan dariyar ce ta fi yi wa Tela ciwo, fiye da tallar. Ya tsaya yana kallon ƙanensa, sannan ya ce:

"Ni da na ba ka hannun, Auta, ina zaune kusa da kai. Yatsunka nake bi don ka ci. Kai nawa ka bi don ka nuna wa mutane na faɗi."

Tela ya koma ɗakinsa, ya kwafi wasan, ya kashe fitila, ya tafi gida rana tsaka.

A falo ya ɗora shi a kan Baƙarsa. Kwale-kwale ya ratsa lungun duwatsu, kasuwa ta buɗe, komai yana tafiya lafiya lau, fanka ko uffan ba ta ce ba. Ba wanda zai taɓa ganin wannan sai mutanen gidan nan. 'Yarsa ta dawo daga makaranta, ta yar da jaka, ta zauna a gefensa.

"Abba, a ba ni in buga?"

Ya ɗauko hannu na biyu, ya durƙusa gaban na'urar ya jona wayar. Ya ja ta kaɗan ya ga ta kama, ya sake dannawa. Sannan ya miƙa mata, ya ajiye nasa a ƙasa.