Kawu Jibo da Gorubar da Ta Yi Fushi

Kun dai san Kawu Jibo, ƙanin mahaifiyata: a wurinsa babu abin da yake mutuwa. Wuta ta mutu a murhu, "Fushi take yi." Rijiya ta ƙafe, "Fushi take yi." Ran nan jakinsa ya miƙe ƙafafu a bayan gida, har ungulu sun fara shawagi, matarsa Inna Tabawa ta ce a nemo masu ja. Ya ce, "Ke, fushi yake yi!" Ya kaɗa masa ƙwaryar dusa a kunne. Wallahi jakin nan ya tashi! Daga ranar muka shiga uku da Kawu.

Kuma bai yarda da kwalekwale ba. Tafkin garinmu, can wajen Taura, a kan ƙatuwar gora irin ta masunta yake haye shi, ya kifa ciki yana tuƙi da hannuwa kamar kwaɗo. In an ce ga jirgi, sai ya ce, "Wannan mai buɗaɗɗen bakin? Gorata baki ɗaya gare ta, kuma tumbina ne murfinsa."

Shekarar da Nasara suke shimfiɗa layin dogo ta Ringim, masu farautar gafiya suka cinna wa ciyawa wuta, iska ta kwashe ta. Dajin gorubar da ke tsallaken tafki ya ƙone ƙurmus. Mu kuwa da kabar nan muke ci, tabarma ce sana'ar garin kaf. Na yi kuka har idona ya kumbura. Maza suka fara zancen aikin dogo, mai gari ya ce a ɗaure kaya, za a tashi.

Kawu kullum sai ya hau gorarsa ya je gaida kututture. Muna jiyo shi daga gaɓa: "An tashi lafiya? Har yanzu ba a huce ba?" Aka ce Jibo ya taɓu.

Bayan ruwan fari, ana ta ɗaurin kaya, ya faɗo zauren mai gari jagab, da koren ganye soke a hula.

"Ranka ya daɗe, ta huce!"

"Malam Jibo, a ina ka tsinko wannan?"

"Zo ka gani. Amma fa a gora, jirgi yana korar tsuntsaye."

Jama'a, mai gari guda, da rawaninsa, kife a kan gora! Mu mata muka cika kwalekwale muka bi su, muna toshe baki. Da muka matsa tsallake, dariya ta tsaya. Gindin kowace baƙar goruba kaba ce ta ɓullo, koriya shar. Ciyawa ta huda toka, bado ya buɗe a kan ruwa, ga gauraka biyu suna takawa abinsu.

Mai gari ya ɗaga hannu zai yi kabbara, ya manta da inda yake. Tsundum! Ya ɗago yana furzar da ruwa, ya ce, "A kwance kaya!"

Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, rawaninka ya nutse."

"Bar shi, Malam Jibo. Fushi yake yi."

Tabarmar da kuke zaune a kai yanzu, kabar dajin nan ce. Ranar da Kawu ya rasu na tsaya a bakin ɗakinsa, ina jiran wani ya ce mini fushi yake yi. Babu wanda ya faɗa. Allah Ya jiƙan Kawu Jibo, Ya ba shi inuwar da wuta ba ta isa gare ta. Amin.